Ƙananan Dogarai Masu Tsara Tsokar Dabba

Mai kiwon turke a Jabo ko Tambuwal ya san raguna biyu kan ci dusa da harawa iri ɗaya, amma ranar layya a tarar ɗaya ya fi ɗaya tsoka. Wani ɓangare na dalilin ya faru ne tun suna cikin uwa.

Tsoka tarin zare ce. Adadin zaren nan yana kammala ne kafin haihuwa. Bayan haka sai dai kowane zare ya ƙara kauri. Masana sun yi nazarin wannan sosai a jikin alade, wanda cikinsa ke ɗaukar kimanin kwana 114, kuma zaren ya gama ƙirguwa wajen kwana na 90.

To, wa ke tsara aikin? Ɗalibi ya tuna cewa ƙwayar gado, wato DNA, takan aika saƙo ta hannun RNA don a ƙera furotin. A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun, masana a Amurka, suka gano wani guntun RNA, mai haruffa kimanin 22 kacal, wanda ba ya kai saƙo. Aikinsa shi ne ya tare ɗan aike, ya manne masa, ya hana a karanta saƙon, tamkar dogari a ƙofar fada. Shi ake kira maikro-RNA, kuma ya jawo musu kyautar Nobel a 2024.

Uku sun yi fice a tsoka. miR-133 yana barin ƙwayoyin tsoka su yi ta yawaita, miR-1 da miR-206 kuwa sukan sa su daina rabuwa, su haɗe su zama zare.

Misali mafi ban sha'awa daga tumaki ya fito. Jiki yana da furotin mai suna mayostatin, wanda ke taka wa tsoka burki. A 2006 masana a Jami'ar Liège ta Beljiyam suka nuna cewa a tumakin Texel, harafi ɗaya tak ya sauya a ƙwayar gadon mayostatin, har miR-1 da miR-206 suka sami wurin mannewa. Burki ya yi sanyi, tsoka ta cika.

Makiyayin Uda ko Balami ba shi da iko a kan haruffan gado, amma yana da iko a kan akurki da kwanon dusa. Gwaje-gwaje sun nuna tunkiyar da ta sha yunwa a farkon rabin cikinta na wata biyar kan haifi ɗa mai ƙarancin zaren tsoka, kuma turke ba ya mayar da zaren da ba a ƙera ba.