DARASINMU NA WANNAN WATA: TOKA KO GAWAYI?

'Yan'uwa cikin Almasihu, lokacin Azumi yakan zo daidai da lokacin sharar gona. Ran Larabar Toka mukan karɓi toka a goshi, mu tuna cewa daga ƙasa muka fito. Amma da mun koma gona sai mu cinna wa ragowar kara wuta, iska ta kwashe tokar, ƙasa ta ƙara gajiya. Littafin Farawa 2:15 ya nuna mana cewa noma ƙasa da kiyaye ta amana ce daga Allah. Marigayi Fafaroma Fransis ma ya tunatar da mu haka cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta shekarar 2015.

Bambancin toka da gawayi

Idan kara, totuwar masara, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa suka ƙone a fili, toka ce za ta rage. Idan kuwa aka ƙona su inda iska ba ta shiga sosai, sai su zama gawayi. A yankin Amazon na ƙasar Brazil, mutanen dā sun cuɗa gawayi da sharar gida cikin ƙasarsu. Bayan ɗaruruwan shekaru, ƙasar tana nan baƙa ƙirin, ta kuma fi ta kewaye albarka.

Halayensa

1. Cike yake da ƙananan ramuka kamar soso, don haka yana riƙe ruwa. Gonar rairayi ce ta fi morar wannan.
2. Yana riƙe abincin shuka, ruwan sama ba ya saurin wanke shi.
3. Yana rage tsamin ƙasa.
4. Ba ya ruɓewa da wuri kamar taki. Yakan daɗe shekaru masu yawa.

Yadda za mu yi

Mu haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, nesa da gidaje da rumbuna. Mu kunna wuta a gindinsa, mu riƙa ƙara busasshen kara kaɗan-kaɗan duk sa'ad da na sama ya fara yin fari. In rami ya cika, mu kashe wutar da ruwa sosai, mu farfasa gawayin.

Gargaɗi

Gawayi ba taki ba ne, rumbun taki ne. In muka zuba shi haka nan, zai iya fara tsotse abincin shuka. Sai mu gauraya shi da kashin dabbobi mai danshi, ya yi 'yan makonni kafin mu kai gona. Kada mu sare itace saboda shi, kada kuma mu hana dabbobi abincinsu. Abin da dā ma za mu ƙone shi ne rabonsa.

Abin tattaunawa a zumunta

Bana, wace gona ce a majami'armu za mu raba biyu, mu gwada a gefe ɗaya, mu ga bambanci ranar godiyar kaka?

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.