Darasin Kimiyya: Yadda Ake Toshe Kwalbar Ruwan Inabi

A ƙasashen Turai masu gonakin inabi, irin su Fotugal da Italiya, iyalai da yawa sukan yi ruwan inabi a gida. Aikinsu na ƙarshe shi ne toshe kwalabe. In aka yi sakaci a nan, wahalar shekara guda ta tashi a banza, gama in iska ta shiga, ruwan yakan yi tsami.

Mu fara da matoshin. Daga ɓawon wani itace ake yanko shi, kuma kusan rabin wanda ake samu a duniya daga Fotugal yake fitowa. Ba a sare itacen, ɓawon kaɗai ake ɓarewa bayan kowace shekara 9. A shekarar 1665, Robert Hooke na Ingila ya duba ɓawon nan da madubi mai ƙara girman abu, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Iska ce cike a cikinsu. Shi ya sa in an matse matoshi yakan tsuke, in an sake shi ya kumbura.

Yanzu mu lura da awo. Kaurin matoshi yakan kai milimita 24, bakin kwalba kuwa wajen 18 ne. Yatsa ba zai iya tura shi ba, sai da na'urar hannu mai mariƙi biyu. Akan sa matoshi a cikinta, a ɗora ta a bakin kwalba, a danna mariƙan ƙasa. Sai ta matse matoshin, wani ɗan sandan ƙarfe ya cusa shi ciki.

Ga ƙa'idodi uku. Na ɗaya, a wanke kwalabe sarai. Na biyu, kada a cika su maƙil. Na uku, a bar su a tsaye 'yan kwanaki har matoshi ya kama, sa'an nan a kwantar da su don kada ya bushe.

Amma babbar ƙa'ida ita ce haƙuri. Muddin ruwan yana kumfa, yisti bai gama aikinsa ba, yana ta fitar da iska. Wanda ya toshe a lokacin nan, ko matoshi ya yi tsalle, ko kwalba ta fashe ta ji wa wani rauni. Wannan iskar ce take fasa tsofaffin salkuna a misalin da Yesu ya bayar a Matiyu sura 9. Tsohuwar salka ta riga ta bushe, ba ta iya buɗawa. Kwalba ma haka take.