Darasi: Babur Mai Lantarki, Haya Ko Saya?

Ran 29 ga Mayu, 2023 ta girgiza aljihun manomi, ranar da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,000 a garuruwa da yawa. Tun daga nan, kusan kowace ƙungiyar gama kai da muka ziyarta sai wani ya tashi ya tambaye mu zancen babur mai lantarki, wanda ba ya shan mai. Shin a saya ne, ko a yi haya? Bari mu duba wannan tare.

Da farko mu san abin da muke ciniki a kai. Babur mai lantarki ba shi da kafireto, ba fulogi, ba juyen baƙin mai, saboda haka gyaransa kaɗan ne. Amma yana da batir, shi ne kuwa abu mafi tsada a jikinsa, kuma tsufa yake yi. Duk cajin da aka yi masa, ƙarfinsa yana raguwa kaɗan. Batirin darma, irin na mota, yana da araha amma yakan gaji bayan caji sau 'yan ɗaruruwa. Na litiyom yakan kai sau dubu ko fiye. Zafi yana gaggauta tsufan dukansu, mu kuwa mun san yadda Maris da Afrilu suke a ƙasarmu. Wanda ya sayi babur, ranar da batir ya mutu shi zai nemi kuɗin sabo. Wanda ya yi haya, wannan nauyi yana wuyan mai babur. Kusan dukan bambancin haya da saye a nan yake.

Mu manoma ba baƙin haya ba ne. Mai gona kadada ɗaya ba ya sayen tarakta, hayarta yake yi kwana ɗaya. Mai gona babba kuwa yakan ajiye shanun huɗa nasa, gama aikin ya isa ya biya ciyar da su. Haka lissafin babur yake: kwana nawa za ka mora shi?

Ga misali, kuɗin kuma na misali ne kawai. A ce haya naira 3,000 ce a rana, kwana 6 a mako, ko ka hau ko ba ka hau ba. A shekara kwana 312 ke nan, watau naira 936,000. Ɗan acaba da ke fita kullum zai fid da wannan balas daga aikin ranar, har ya yi saura. Amma manomin da ke zuwa kasuwa sau 2 a mako, kwana 104 kaɗai ya mori babur, kowace fita ta ci masa naira 9,000. Ga shi kuma kuɗin manomi ba kullum yake shigowa ba. Da kaka aljihu cike, a watan Agusta kuwa rumbu ya yi ƙasa, taki ya cinye abin da ya rage, mai haya kuma bai san damina ba. Waɗansu kamfanoni ma suna sa wata na'ura a jikin babur, idan ka yi jinkirin biya sai su kashe shi daga ofishinsu.

To, sai a saya ke nan? Kada mu yi hanzari. A shekara ta 2001 aka nuna wani abin hawa na mutum ɗaya a Amurka, sunansa Segway, mai ƙafa biyu gefe da gefe, a tsaye ake tuƙa shi. An yi ta yayata shi, ana sayar da shi wajen dala 5,000. A 2020 kamfanin ya daina ƙera shi. Abin da ya shafe mu a wannan labari shi ne, sabon abu yakan zo ya wuce, wanda ya saya kuwa shi ake bari da neman kayan gyara. Babur mai shan mai, kowane bakanike na bakin kasuwa ya san cikinsa. Mai lantarki fa, wa zai buɗe shi a ƙauyenku?

Akwai hanya ta uku wadda ta raba nauyin biyu. A Kigali, babban birnin Ruwanda, wani kamfani mai suna Ampersand ya fara ta a 2019, wani kuma mai suna Spiro ya bi irinta a Benin da Togo. Babur naka ne, ko kana biyansa sannu a hankali har ya zama naka, amma batir na kamfani ne. Idan caji ya ƙare sai ka je tasharsu, ka ba da wanda ya ƙare, ka karɓi cikakke cikin 'yan mintoci, ka biya. Dabara ce mai kyau, sai dai ta ɗaure ka da tasha. Yawancin waɗannan babura ba su wuce kilomita 100 da caji ɗaya, idan kuma aka ɗora buhun masara aka shiga yashi, tafiyar ta ragu. Tashoshin kuma a birane suka fi yawa.

Ra'ayinmu shi ne, kada ƙungiya ta fara da saye. Inda ake samun haya, a ɗauki babur ɗaya da sunan ƙungiya na wata 3 ko 4, daga kaka zuwa rani, lokacin da akwai kaya da kuɗi. 'Yan ƙungiya su riƙa karɓa bi da bi don kada ya kwana banza, magatakarda kuma ya rubuta kowace fita, da nisanta, da kuɗin caji. Idan littafin ya nuna babur yana aiki kusan kullum, kuma akwai wurin caji tabbatacce, ko wutar gari ko ta hasken rana, sa'an nan a yi zancen saye, a kuma buɗe asusun sabon batir tun daga watan farko.

Kafin a sa hannu a kowace takarda, a sami wanda ya iya karatu sosai ya karanta ta da ƙarfi a gaban taro. A tambayi mai haya: idan batir ya gaji kafin wa'adi, wa zai canja shi? Idan an sace babur ko an yi haɗari fa? Idan biya sannu a hankali ne, muka biya wata 10 muka kasa na 11, ina makomar abin da muka riga muka biya? Amsar da ya bayar da baki, a ce ya rubuta ta.

A taronku na gaba, kowa ya zo da lissafin kwanakin da ya hau babur a watan da ya wuce, da abin da ya kashe, ku haɗa su a allo.