Kafin a jefar da gorar ƙuda a bola

Mai kiwon kanari, kifin ado ko 'yan tsaki ya san cewa abinci mai rai ya fi dusa zalla gina jiki. Shi ya sa wasu suke haɗa ayabar da ta nuna tuɓus da dusa da ɗan yis a cikin gora, su bar ƙananan ƙudajen nan na ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, Drosophila, su hayayyafa. Bayan kamar wata guda abincin ya yi baƙi, ya bushe, ƙudan ya ragu, sai a ce gora ta mutu, a wurga ta a bola. Mu da muke kiwon ƙwari a ɗakin bincike ba ma yarda da wannan mutuwar. A jikin bangon gorar akwai ƙwanso da ba su fashe ba, a ƙasanta akwai ƙwai da tsutsa, ga funfuna, ga wasu ƙwari dangin kaska da ido ke gani kamar ƙura. A zafin digiri 25, kwana 10 ya ishi ƙwai ya zama ƙuda, mace guda kuma tana saka ɗaruruwan ƙwai. Zafin Abijan da laimarsa ba sa ba su hutu a kowane wata na shekara. Gora ba ta zama shara sai an kashe abin da ke cikinta.

Za a ce: wane dare ne jemage bai gani ba? Wanda ya ratsa kasuwar Gouro a Adjamé lokacin mangwaro ya ga ƙuda, to me gora ɗaya za ta ƙara? A kan lissafin gari baki ɗaya, ba ta ƙara komai. Amma ƙudan gorarka ba kasuwa zai tafi ba. Kicin ɗin maƙwabciya zai shiga, da tiren mai sayar da abarba a ƙofar gida, a gidajen haya inda iyalai da yawa suke tarayya a tsakar gida ɗaya da mazubin shara ɗaya. Ƙwarin nan masu kama da ƙura kuwa kai za su fara cuta, domin suna rarrafawa daga tsohuwar gora zuwa sabuwa su kassara ta. Wasu kuma su ce irin ƙudansu ba ya tashi. Gaskiya ne akwai irin da fukafukinsa ya nakasa, sai dai nakasar tana ɓuya da zarar ya sadu da ƙudan waje: 'ya'yan da za a samu masu tashi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne mangwaron da ake tsintowa kyauta a kasuwa don a zuba a gora. Drosophila ba ta iya huda lafiyayyen mangwaro, sai wanda ya fashe ko ya fara ruɓa. Akwai wani ƙudan daban, Bactrocera dorsalis, ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya mamaye Afirka ta Yamma. Shi yana huda ɗan itace tun yana bisa, tsutsarsa ta girma a ciki, ta fito ta faɗi ƙasa ta yi ƙwanso a cikin turɓaya. Mangwaron Korhogo da Ferkessédougou da ake lodawa a tashar jiragen ruwa ta Abijan yana iya zama asara gaba ɗaya idan masu binciken Turai suka tsinci tsutsa a cikin kwantena. Mai gora bai san wace tsutsa ya ɗebo ba. In ya juye ragowar a gindin bishiya ko ya ɗan tona rami ya rufe, ya kai ta daidai inda take nema. Saboda haka ne ake koya wa manoma su binne mangwaron da ya faɗi a rami mai zurfin da ya wuce santimita 50, ko su ɗaure shi a baƙar leda su shanya a rana.

A ɗakin bincike firiza muke sa gora, a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, ta kwana biyu. A gida ban ba da wannan shawarar ba: firizar abinci ce, kuma in wuta ta ɗauke aikin ya tashi a banza. Baƙar leda ma tana son rana mai ƙarfi, wadda ba a samu sosai daga Mayu zuwa Yuli. Tafasasshen ruwa ya fi tabbas. A huda murfi, a zuba har ya rufe ƙwanson da ke can sama, a bari ya huce, a tace, a ƙulle dusar a leda. Fesa maganin ƙwari ba ya wadatarwa, domin manya kawai yake kashewa, ƙwanso yana nan, kuma gubar tana iya komawa kan tsuntsu. Kada a ba kaji ragowar da ta yi funfuna. Kada kuma a juye ta a kwata. Magudanan unguwar Treichville tafkin Ébrié suke nufa, kuma dama shara ta shaƙe su.

Ledar da aka ƙulle sai a miƙa wa motar shara. Tun da aka rufe jujin Akouédo, Kossihouen ake kai sharar birnin, tafiya mai nisa a hanyar arewa, kuma kafin motar ta zo leda tana iya kwana biyu ko uku a bakin titi. Wannan jinkirin ya ishi ƙwanso mai rai ya fashe.