Yadda ake ɗaura wayar birki a tsohon keken tsere

Tsofaffin kekunan tsere da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, irin su Raleigh da Peugeot, ƙarfensu garau yake. Wayar birki ce ke fara mutuwa. A unguwar Alajo kuwa, inda rafin Odaw kan yi ambaliya da damina, laka da tsatsa sukan cika kwanson wayar, ka matsa birki ka ji kamar dutse.

Kafin ka zare tsohuwar, duba wane hannu ke kama tayar gaba. Keken Ingila dama ne, na Faransa hagu. Bi wanda hannunka ya saba da shi.

Sayo waya mai kai kamar 'yar gora, ba mai kan ganga ba, da kwanso mai kaurin milimita 5. Kada mai gyara ya lallaɓa ka da kwanson giya. Fashewa yake yi idan aka matsa da ƙarfi.

Matsa hannun birki, ka maƙala kan wayar a gurbinsa. A waɗannan kekuna ta saman hannun take fitowa, ta yi baka a sama da kan keken sannan ta gangaro. To, nan aikin yake. Idan bakan ya yi gajere, kana karya kwana birkin baya zai kama kansa. Idan ya yi tsawo, ya zama igiya, birki ya yi laushi. Saboda haka kada ka yanka sai ka juya kan keken dama da hagu iyakarsa, ka ga kwanson bai ja ba. Na taɓa yin gaggawa, na sayi kwanso sau biyu rana ɗaya.

Bayan yanka, buɗe bakin kwanson da tsinin ƙusa, ka shafa wa wayar giris kaɗan.

Wayar baya tana bin ƙarfen sama. In akwai zobba a jikinsa ka zura ta ciki. In babu, maɗauri uku sun isa. A ƙarƙashin sirdi ka bar mata lanƙwasa mai sauƙi, ban da karyewa.

Haɗa robobin birki da rim da hannu ɗaya, ja wayar da filaya, ɗaure noti. Bar tsawon yatsa ka yanke sauran, ka sa mata hula don kada ta tarwatse.

Matsa birki da ƙarfi sau goma, ka ƙara ɗaurewa, domin sabuwar waya takan saki. Ka gwada a ƙofar gida tukuna, kafin ka tunkari gangaren unguwar Nima.