Tsutsa Mai Saƙa a Bishiyar Zogale: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Maganinta

A ƙauyukan da ke arewacin birnin Kano, kamar na Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa, da wuya a shiga gida ba a tarar da zogale ba, ko a tsakar gida ko a jikin danga. Daga gare shi ake samun ganyen kwaɗo da na dambu da na miya. Sai dai idan damina ta kankama, akan wayi gari a ga ganyen ya harhaɗe wuri guda, wani farin zare mai kama da yanar gizo ya ɗaure shi. Mutane da yawa sukan ɗora wa gizo-gizo laifi, alhali kuwa aikin tsutsa ne.

Bambance su ba shi da wuya. Gizo-gizo yakan shimfiɗa yanarsa a sarari tsakanin rassa domin kama ƙwari, ganye kuma yana nan lafiya lau. Ita tsutsa ganyen take jawowa ta liƙe, ta ɓuya a ciki tana ci. Idan aka ɓare ƙunshin, za a ga ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi, wato kashinta, a ga kuma an kankare koren ganyen, saura wata 'yar fata da ake hango haske ta cikinta. Da an girgiza reshe sai tsutsar ta saki jiki, ta riƙa lilo a jikin zare.

Uwar wannan tsutsa wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare. Iri biyu aka fi sani a wannan yanki. A shekarar 2014 masu bincike na Jami'ar Bayero sun ba da rahoton mummunar ɓarna a zogalen ƙaramar hukumar Ungogo, daga wani iri da masana ke kira Ulopeza phaeothoracica, wanda ya fi tsananta daga Yuli zuwa Satumba. Ɗayan shi ne Noorda blitealis, wanda ya addabi masu garka a Nijar, aka kuma san shi a Indiya da Habasha da Sudan. Shi wannan na biyu yakan saka ƙwai a kan ɗanyen toho, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, tsutsar ta yi mako ɗaya zuwa biyu tana ci, sa'an nan ta sauka ƙasa ta naɗe kanta, daga baya ta fito da fikafikai. Duk wannan bai cika wuce wata guda ba, saboda haka a damina ɗaya sai a yi zuriya bayan zuriya.

Ba kowace saƙa a kan bishiya ce abar ƙi ba. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi, daga gidan wasu tsutsotsi ake samunsa.

Wannan saƙa ita ce garkuwar tsutsar zogale: tana kāre ta daga tsuntsaye, tana kuma hana ruwan feshi isa gare ta. Shi ya sa matakin farko aikin hannu ne. A riƙa duba toho sau biyu a mako da sassafe, a tsinke duk ganyen da ya naɗe, a binne shi da zurfi ko a watsa wa kaji. Idan abin ya game bishiya, a sassabe rassan gaba ɗaya, domin zogale ba ya jin tsoron sara, nan da nan yake sake toho. Kada a cinna wa saƙar wuta tana kan bishiya. Ɓarnar wutar ta fi ta tsutsar, ga kuma danga da rumbu a kusa. A yi wa gindin bishiyar 'yar kaftu da fartanya, don waɗanda suka kwanta a ƙasa su fito fili, rana da kaji su gama da su. Zanzaro da rina ma mataimaka ne, da tsutsa suke ciyar da 'ya'yansu.

Idan ana bukatar feshi, darbejiyar ƙofar gida ta wadatar. A sami busassun 'ya'yanta, a ɓare, a daka ƙwayar ciki kimanin giram 500, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Sinadarin da ke cikinta, azadiraktin, ba ya kashe tsutsa nan take. Hana ta ci yake yi, ya kuma hana ta saɓa, sai ta mutu bayan kwanaki. Mai gaggawa sai ya zaci bai yi aiki ba. Da yamma ake fesawa, saboda hasken rana yana lalata sinadarin, a kuma maimaita kowane mako, bayan an yage saƙar.

Babban kuskure shi ne ɗauko fiya-fiya ko ragowar maganin feshin wake a zuba wa zogalen gida. Ganyen da aka fesa wa yau, gobe wani yaro zai iya tsinkowa a kai tukunya, tafasawa kuwa ba ta tabbatar da cewa gubar ta fita. Ko ruwan darbejiyar ma, ya kamata a bar kwana uku ko huɗu kafin a ɗebi ganyen, a kuma wanke shi sosai saboda ɗaci.