Hulɗar Masu Manhaja Mai 'Yanci da Kamfanin Microsoft: Nazarin Yarjejeniyoyi Biyu

Manhaja mai 'yanci ita ce wadda lasisinta ya ba kowa damar amfani da ita, da nazarin rubutun tushenta, da gyara ta, da kuma rarraba ta. Masu rubuta irin wannan manhaja sun daɗe suna saɓani a kan ko ya dace su zauna da kamfanin da ke neman durƙusar da su. Wannan maƙala ta ɗauki Microsoft a matsayin misali, domin a 2001 shugabansa Steve Ballmer ya kwatanta Linux da ciwon daji, kuma a 2007 kamfanin ya yi iƙirarin cewa manhajoji masu 'yanci sun keta haƙƙin ƙirƙira har 235 da ya mallaka. Abin da maƙalar ta gano shi ne, zaman kansa ba shi ne matsala ba. Abin dubawa shi ne wanda ribar zaman za ta rufe.

A watan Nuwamba 2006 kamfanin Novell, mai rarraba SUSE Linux, ya ƙulla yarjejeniya da Microsoft, inda Microsoft ya yi alkawarin ba zai kai abokan cinikin Novell ƙara a kan haƙƙin ƙirƙira ba. A zahiri kariya ce, amma ta raba jama'a gida biyu: wanda ya saya a hannun Novell ya tsira, wanda ya sauko da manhajar daga wani wuri kuwa yana nan cikin barazana, alhali dubban mutanen da suka rubuta ta ba a shawarce su ba. Jeremy Allison, ɗaya daga cikin jagororin Samba, ya ajiye aikinsa a Novell saboda haka. Sigar lasisin GPL ta uku, wadda ta fito a watan Yuni 2007, ta zo da sharuɗɗan toshe irin wannan ƙofa nan gaba.

Masu Samba, manhajar da ke haɗa Linux da Windows wajen musayar fayiloli, su ma sun zauna da Microsoft, sai dai ta wata hanya daban. Sun fara mara wa Hukumar Tarayyar Turai baya, wadda a 2004 ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya bayyana ƙa'idojin sadarwar manhajojinsa. Bayan kotu ta tabbatar da hukuncin a watan Satumba 2007, sai aka sa hannu a yarjejeniya a watan Disamba ta hannun wata gidauniya mai zaman kanta, aka biya Yuro 10,000 sau ɗaya. Takardun bayanan sun kasance na sirri, wanda hakan sassauci ne da bai yi wa kowa daɗi ba, amma duk manhajar da aka rubuta da su ana iya sakinta ƙarƙashin GPL. An kuma lissafa haƙƙoƙin ƙirƙirar da abin ya shafa domin marubuta su kauce musu.

Ya kamata a lura cewa masu Samba sun shiga tattaunawar ne da hukuncin kotu a hannu, shi ya sa ba su sayar da haƙƙin kowa ba. Wannan ma'auni ya fi amfani yanzu da Microsoft ya shiga Gidauniyar Linux a 2016, ya kuma sayi GitHub a 2018 a kan dala biliyan 7.5, domin rumbun da ake ajiye ɗimbin manhajoji masu 'yanci ya koma hannun kamfanin, kuma shi ke tsara sharuɗɗan amfani da shi.